Matata a Bakin Birji, farashi a Abuja: nazarin kasuwar mai a Damagaram, 2011 zuwa 2025

Duk wanda ya zauna Damagaram kafin 2023 ya san teburin nan na katako da ke bakin kwalta, kwalaben fetur jere a kansa, rana tana ratsa su suna ɗaukar ido. Gefe ga mazurari da ɗan ƙyallen tacewa, ga yaro zaune kan jarka yana jiran mai moto ya tsaya. Daga Kasuwar Dole zuwa Sabon Gari, daga Zango zuwa hanyar Magarya, ba ka yin tafiyar kirki ba ka ci karo da irinsa ba. Ƴan ruwa-ruwa ke nan. Abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne, kilomita hamsin da ƴan kai arewa da garin, kan hanyar Tanut kusa da Bakin Birji, akwai matatar mai guda ɗaya tak da Nijar ta mallaka, amma man da ke cikin kwalaben nan ba daga can ya fito ba. Daga kudu yake zuwa, daga Najeriya, ta daji, galibi da dare.

Lamarin da nake son bin diddiginsa shi ne yadda garin da ke da matata a bayan gida ya shekara goma sha biyu yana shan man maƙwabci, da dalilin da ya sa ranar da man maƙwabcin ya yanke, matatar ta kasa cike gurbinsa. Wani sashe na labarin kowa ya ji shi a rediyo. Wani sashen kuma a ƙofar gidana na gan shi, domin ɗan yayata ya daɗe a wannan sana'a, kuma a jikin katangata ya kafa teburinsa na farko.

Matatar da aka yi wa guɗa

A watan Yunin 2008 gwamnatin Tandja Mamadu ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin CNPC na ƙasar Sin kan rijiyoyin Agadem da ke jihar Diffa. Cikin sharuɗɗan har da gina matata da shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 460 da ɗoriya daga rijiyoyin zuwa inda za a tace. A Oktoban shekarar aka aza tubalin farko, kuma dattawa ba su manta ba cewa a wajen bikin nan ne aka fara ɗaga murya da kalmar tazarce. Tandja bai ga ƙarshen aikin yana kan mulki ba. Mahamadu Isufu ne ya buɗe matatar ranar 28 ga Nuwamba 2011 da sunan SORAZ, kashi 60 na jarin na Sinawa, kashi 40 na gwamnatin Nijar. An tsara za ta ci dalar Amurka miliyan 600, aka tashi a miliyan 980. Wannan ƙari shi ne tushen ja-in-jar da aka daɗe ana yi kan kuɗin da matatar za ta riƙa sayar wa SONIDEP, kamfanin gwamnati mai rarraba mai a ƙasa.

Ƙarfinta ganga 20,000 ne a rana. A wancan lokaci lissafin da ake yi shi ne Nijar baki ɗaya ba ta shan fiye da ganga 7,000, don haka damuwar manya ita ce ina za a kai rarar 13,000. Mai karatu ya riƙe wannan adadi na 7,000, domin a nan gizo ke saƙa.

Mutanen gari sun sa rai mai zai yi arha kamar ruwa, ko da yake a Damagaram ruwan ma ba arha gare shi ba. Da aka ji lita za ta sauko ne daga sefa 679 zuwa 579 kawai, rai ya ɓaci. A farkon Disambar 2011 gari ya hargitse, har aka rasa rayuka. A 2013 aka sake ragewa zuwa 540, wato dala ɗari da takwas a ƙirgen kasuwa, inda dala guda take sefa biyar, kuma a nan farashin ya zauna fiye da shekara goma bai motsa ba.

Lissafin jarka guda

A can ƙetaren iyaka gwamnatin Najeriya tana biyan tallafi don lita ta yi sauƙi. Naira 97 daga Janairun 2012, naira 87 a 2015, naira 145 daga Mayun 2016, wajen naira 165 a 2021 da 2022. A takarda farashin hawa yake yi. A hannun mai sefa kuwa sauka yake yi, saboda sefa a ɗaure take da kuɗin Turai a kan 655.957 ga euro guda, naira kuwa kullum cikin zamewa take. Duk lokacin da naira ta faɗi a wajen ƴan canji, man Kano da Daura ya ƙara arha ga ɗan Damagaram ba tare da kowa ya taɓa famfo ba.

Mu ɗauki tsakiyar 2022, lokacin da jika ɗaya, wato sefa dubu, take kusan daidai da naira dubu. Jarka mai lita 25 a farashin hukuma na Najeriya ta kama naira 4,125, jika huɗu da ƴan kai ke nan. Wannan jarkar a gidan mai na Damagaram jika goma sha uku da rabi ce. Tazarar ta kai jika tara a jarka guda. Gidajen man bakin iyaka ba sa sayarwa a farashin hukuma, suna ɗora nasu. Akwai kuɗin mota, akwai abin da ake kira kuɗin hanya, akwai jarkar da ta fashe da wadda aka kama. Duk da haka abin da ya saura ya isa baki huɗu ko biyar su ci, kuma a sayar da kwalba a gari dala sittin ko saba'in, mai saye ya tafi yana godiya.

Bakunan nan kuwa a jere suke, kowa da aikinsa. A sama akwai ubangida mai jari, wanda sau da yawa ba ya taɓa jarka da hannunsa, ƙila ma a kasuwa an fi saninsa da hatsi ko yadi. Sai ɗan canji, wanda ke juya sefa ta koma naira, kuma shi ne a gaskiya ke riƙe da ma'aunin ribar kowa. Sai masu ɗauko kaya: tsofaffin motoci da aka cire musu kujerun baya, da ƴan moto da ke ɗaure jarkoki dama da hagu har ba ka ganin mutum sai kansa. Wasu ta Kongolam da Ɗan Barto suke shigowa su biyo Matamaye da Kance, wasu ta Babban Mutum da Tinkim su faɗo Magarya, wasu ta wajen Maigatari su ɓullo Dungas, amma mafi yawa ba kwalta suke bi ba, turbar shanu da gefen gonaki suke bi, fitila a kashe. A ƙasan kowa sai mai tebur.

Ɗan yayata a nan ƙasan ya fara. Da safe a sauke masa jarka biyu ba tare da ya ba da ko tamma ba, bayan sallar isha'i ya kai kuɗi ya riƙe abin da ya hau. Babu takarda, babu sa hannu. Wanda ya ci amana sau ɗaya, kafin wayewar gari duk iyayen gida sun ji, sana'a ta ƙare masa. Na taɓa yi masa faɗa kan ya nemi aikin da ba na ɓoye ba, na ce ga gidan mai can da lasisinsa, me zai sa mutum ya bar shi ya zo wurinka in ba don arha ba. Sai ya ce, "Kawu, ba arha kaɗai ba ce. Gidan mai ba ya ba ɗan kabu-kabu bashi zuwa yamma, ba ya sayar da na dala ashirin ba tare da an harare ka ba, kuma ba ya bin mutum ƙauye." Na daɗe ina juya wannan magana. Yaron bai yi karatu mai zurfi ba, amma ya faɗi abin da masu tsara kasuwar mai ba su rubuta ba: kwalba tana kai mai inda famfo bai kai ba, a awon da talaka zai iya saye, da sharaɗin da zai iya cikawa.

Kada a ɗauka ina yi wa sana'ar kwalliya. Man da aka ajiye a ɗakin kwana ya ƙone gidaje. Abokin yaron nan guda ya kife da moto cikin dare da jarkoki a jikinsa, yau hannunsa ɗaya ba ya miƙewa. Wasu suna cakuɗa man da abin da ke kashe inji. Baitulmali kuma ba ta ganin ko sisi na haraji daga duk wannan hada-hada. Sai dai ga dubban samari a unguwanni irin su Kara-Kara, waɗanda makaranta ta saki kuma babu masana'antar da ta kama, wannan ce ƙofar da ta buɗe, kuma ta raba da yawa daga cikinsu da zaman banza da faɗan daba.

A gefe guda, wannan hanya ba sabuwa ba ce. Kano tana kilomita 240 ne daga nan, Yamai kuwa wajen 900. Tun zamanin Sarki Tanimun ayarin fatake ke ratsa Damagaram tsakanin Kano da Agadas har Tarabulus, kuma lokacin da gyaɗa ke tashe, ta jirgin ƙasan Kano gyaɗarmu ke bi zuwa teku. Iyakar ce baƙuwa, cinikin ya girme ta. Kayan da ke kan turbar ne kawai ke sauyawa.

Abin da littafi bai ƙirga ba

Mu koma kan ganga 7,000. Wannan adadi yana nuna man da ya bi ta hannun hukuma ne kawai. Abin da ya shigo a jarka ba ya cikinsa. Daga 2011 zuwa 2023 kuwa ƙasar ta cika ta batse. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Damagaram tana da mutum miliyan uku da rabi, ta fi kowace jiha yawan jama'a. Motoci masu ƙafa biyu ƴan Sin da Indiya sun yi arha har manomi na saye bayan kaka. Adaidaita sun cika gari. Masu lambu a fadamun Mirya da Magarya da Matamaye sun ajiye guga sun koma injin ban ruwa. Kowane ɗayan waɗannan yana shan fetur, kuma kaso mai yawa na wannan sabon ƙishi kwalba ce ta kashe shi, ba famfo ba.

Saboda haka a littafi matatar ta ci gaba da zama mai rara. Ana loda tankoki zuwa Mali da Burkina Faso, kuma a Nuwambar 2020 har yarjejeniya aka sa wa hannu da Najeriya don ta riƙa sayen tataccen mai daga SORAZ. Da rana tanka na gangarawa kudu da takardunta, da dare jarka na haurowa arewa ba takarda.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ganga ɗaya lita 159 ce, don haka ganga 20,000 ta haura lita miliyan uku na ɗanyen mai. Amma ɗanyen mai ba duka yake zama fetur ba. A wannan matata gazuwal, wato man dizal, ya fi yawa, fetur kusan kashi ɗaya cikin uku ne, sauran gas ne na girki da makamantansa. Wato fetur ɗin da take iya fitarwa bai wuce lita miliyan ɗaya da ƴan kai a rana ba, ko da ba ta tsaya gyara ba. Rarar da ake alfahari da ita mafi yawanta ta gazuwal ce. Shi ma a 2022, da farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a maƙwabta, ya riƙa sulalewa waje har aka dakatar da fitar da shi a watan Yuni, sannan a Agusta aka ɗaga lita daga 538 zuwa 668.

Girgiza uku

Ta farko gwaji ce. A Agustan 2019 Shugaba Buhari ya rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba kuma kwastan na Najeriya suka hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Kwalba ta ƙara kuɗi, tafiya ta ƙara nisa, amma teburi bai tashi ba har aka buɗe a Disambar 2020. Muddin tazarar farashi tana nan, rufe iyaka tsadar hanya kawai yake ƙarawa.

Ta biyu ita ce ta ranar 29 ga Mayu 2023, da Bola Tinubu ya ce a jawabinsa na kama mulki tallafin mai ya tafi. Cikin kwana biyu-uku lita a Kano ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 540. A canjin lokacin, da jika take wajen naira 1,250, wannan ya kama sefa 430 tun kafin a ɗora jarka a moto. Tazarar da ta rage dala ashirin da ƴan kai ce a lita, ba ta isa biyan hanya ba. Abin da jami'an tsaron ƙasashe biyu suka kasa a shekara goma, jimla ɗaya ta yi shi a mako guda. Teburan suka kife, aka fara ganin layi a gidajen man da a da ma'aikatansu ke gyangyaɗi. Wata biyu bayan haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki, duk mai janareta ya tayar da shi.

Da labarin ya tsaya nan da kowa ya gane inda aka dosa. Amma sai naira ta ruɗe lissafi. Tun Yunin 2023 aka sake ta ta nemi farashinta a kasuwa, kafin Fabrairun 2024 jika ɗaya ta haura naira 2,500. Lita a Najeriya a lokacin tana tsakanin naira 600 da 700, wato ta sake komawa ƙasa da sefa 300. Tallafin da aka ce ya mutu ya dawo ta bayan gida, ta hannun ɗan canji. A Maris aka buɗe iyaka, jarkoki suka dawo, teburan da aka jingine aka kakkaɓe su.

A nan ne ɗan yayata ya zo mini da shawara. Ya gaji da zaman tebur, yana son ya sayi moto ya riƙa ɗauko kaya da kansa. Na duba canji, na duba farashi, na ce masa lissafin ya fita. Har na ranta masa wani abu, mahaifiyarsa ta sayar da tumaki biyu ta cika. Kuskurena shi ne na ɗauki farashin wata uku na gina shawarar shekara a kansa.

Girgiza ta uku daga ɓangare biyu ta zo. A Yulin 2024 gwamnatin Janar Tiani ta rage fetur daga 540 zuwa 499, dala ɗari ba tamma guda, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618. Jama'a sun yi murna, kuma suna da hujja, domin rayuwa ta yi tsada bayan takunkumi. A can Najeriya kuma kwastan sun tsananta samame kan masu fitar da mai, sannan a Satumba lita ta koma naira 897 a gidajen man NNPC, a Oktoba ta haura dubu. A canjin lokacin wannan ya kusa sefa 400, a arewa ma ya fi haka. Rufi ya sauko, daɓe ya hau. Tsakanin 400 da 499 babu wurin da ubangida da direba da mai tebur za su tsaya tare. Kafin ƙarshen shekara yaron ya sayar da moton da hasara. Ya zo har gida da abin da ya samu, ya ce, "Kawu, ga naka, na Inna kuma sai a hankali." Na karɓi rabi don kada ya ji na raina shi.

Azumin 2025

A Maris na 2025, cikin azumi, abin ya fito fili. Gidajen mai suka bushe daga Yamai har Damagaram. Mutane na barin moto a layi su je buɗa baki su dawo. Wanda ke iya hango hasken matatar da dare daga gonarsa shi ma yana layi. Lita a bayan fage ta ninka farashin hukuma, wani wuri ta ninka sau uku, kuɗin kabu-kabu ya hau, kuɗin kawo kaya daga kasuwannin ƙauye ya bi shi.

Bayanin da wani babban jami'in SONIDEP ya yi wa manema labarai a lokacin shi ne, a ganina, magana mafi muhimmanci da aka yi kan wannan kasuwa tun 2011. Ya ce matatar tana ba su tanka 25 na fetur a rana, buƙatar ƙasa kuwa ta kai ninkin haka, kuma man da ke shigowa daga Najeriya ta ɓarauniyar hanya a da yana kaiwa rabin kasuwa. Rabin kasuwa. Ma'ana yaran nan da ake kora a bakin titi su ne matata ta biyu ta ƙasar, wadda ba a yi wa bikin buɗewa ba, kuma baitulmalin Najeriya ke biyan kuɗin tafiyar da ita.

Ƙofofin cike giɓin kuma a lokacin a ƙuntace suke. Iyakar Benin a rufe take ta ɓangaren Nijar, don haka man da aka sayo daga teku sai ya sauka Lome ya ratso Burkina Faso da rakiyar sojoji, hanya mai nisa da haɗari. Babban bututun nan mai kusan kilomita 2,000 da ya fara kai mai tashar Seme a 2024 yana ɗaukar har ganga 90,000 a rana, yana ma ratsa ƙasar jiharmu, amma ɗanyen mai ne, ba a zuba shi a moto. A watan ne kuma gwamnati ta kori manyan jami'ai uku ƴan Sin, na CNPC da SORAZ da kamfanin bututun, kan saɓanin da ya haɗa da bambancin albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Daga ƙarshe tawaga ta je Abuja, jaridun Najeriya suka ruwaito an amince da turo tanka 300. Man kudu ya sake ceto kasuwa, wannan karo da rana, da takarda, da cikakken farashi.

A cikin gari an ɗora laifi kan ƴan ruwa-ruwa, kuma ba a rasa gaskiya a ciki ba. Waɗanda suka rage a sana'ar sun juya akala: su kwana a layin gidan mai, su cika tankin moto, su je lungu su tsiyaye a kwalba, su dawo layi. Da suna ƙara wa kasuwa mai, yanzu suna rage shi suna sayarwa da tsada. Amma ɗora musu dukan laifin barin jaki ne ana dukan taiki. Ba su suka haifar da giɓin lita miliyan guda a rana ba. Rashinsu ne ya tona shi.

Inda nake ganin aka yi sake

Rage farashi a Yulin 2024 alheri ne da aka yi da tsohon littafi. An saukar da kuɗin kaya daidai lokacin da rabin masu kawo shi ke shirin barin kasuwa, kuma duk litar da za a sayo daga waje don cike gurbi sai an saye ta da tsada a sayar da arha. Tun Yunin 2023, da aka ga layi na farko, alama ta bayyana. Wata ashirin da ɗaya ke tsakanin wannan da azumin 2025. Dawowar jarka na ɗan lokaci a 2024 ta rufe idon kowa, har da ni da na ba ɗan yayata shawara, don haka ba na yin maganar da ɗaga kafaɗa.

Ƙirga kwalba ba abu ne mai wuya ba. Kowane mai unguwa ya san teburan unguwarsa, kowane sarkin tasha ya san yawan ƴan kabu-kabunsa da abin da moto ke sha a yini. Ɗaliban Jami'ar André Salifou za su iya wannan aiki a hutu guda. Abin da ya hana shi ne, a idon hukuma mai tebur mai laifi ne, kuma ba a zuwa wurin mai laifi da takardar tambaya. Na fi ganin hikima a ba ƙananan masu sayarwa izini, a sayar musu da man SORAZ a kan sari, a tilasta musu ajiya nesa da ɗakin kwana. Hanyar rarraba kaya da ta kai kowane ƙauye, da amanar da ke tafiyar da ita ba takarda, dukiya ce da wani kamfani zai kashe miliyoyi bai gina irinta ba. An sa hannu a 2024 kan shirin wata matata a Dosso, amma matata ba a wata shida ake gina ta ba, kuma ko an gina, tambayar wa zai kai lita guda ƙauyen da ke bayan Dungas tana nan.

Game da abin da matatar ta kawo wa garin kansa, ra'ayina a tsakiya yake. An samu aikin yi ga wasu, an samu masu abinci da makanikai a inda tankoki ke jira, ƴan kwangila ƙalilan sun gina benaye. Amma masana'antun da aka yi mafarkin za su tsiro a gindinta ba su tsiro ba, fatunmu da wakenmu da riɗinmu har yau ɗanye suke tafiya Kano. Ribar da na fi gani da idona ita ce gas. Tukunya mai kilo shida da aka tsayar wa kuɗin cikawa sefa 1,800 a 2012 ta shiga gidajen da ba su taɓa girki da wani abu ba sai itace, a yankin da itacen ke ƙarewa. Masu lambu kuma sun gano ana iya juya injin ban ruwa ya bar fetur ya koma gas da ɗan gyara kaɗan a wajen shan mai, kuma da tsadar fetur ta zo, wannan dabara ta bazu.

Nan ɗan yayata ya faɗa. Wani makanike a Sabon Gari ya koya masa juya inji, yanzu ranar kasuwar Mirya yana can da jakar kayan aikinsa, sauran kwanaki yana kai wa matan unguwa tukunyar gas a baro. Abin da yake samu bai kai na shekarun jarka ba, amma yana kwana a gida, ya kuma biya tunkiya ɗaya daga cikin biyun. Teburin yana bayan ɗakina a jingine. Da sanyin bara uwargida ta so a faskara shi a hura wuta, ya ce a yi masa haƙuri a bar shi tukuna. Kowace safiya, kafin ya fita, sai ya kira ɗan canjin nan na bakin kasuwa ya tambaye shi nawa jika ta kwana.